Riyal 12,000 za su kai mu tsibiri su dawo da mu?

Baban Sadiƙ (Jidda): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanya. Wata mai kamawa ni zan kwashi adashenmu na wurin aiki, in na haɗa da ɗan abin da na ajiye zai kama riyal 12,000. Niyyata in ɗauki maiɗakina da yaran nan biyu mu je Maldibi, ƙasar tsibirai a tekun Indiya, mu kwana biyar. Tun da suka zo Saudiyya, a nan ba su san ko'ina ba sai gida da Harami da bakin teku na Kurnish ranar Juma'a da yamma. Na duba tikiti, mafi sauƙin da na gani na mutum huɗu ya doshi 7,000. Na kuma ga ɗaki a tsibirin Maafushi a kan dala 60 kwana ɗaya. A lissafina dai kamar kuɗin za su isa har a yi ragi. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mini gaskiya.

Baba na Jarwal (Makka): Wa alaikumus salam ɗana. Kafin masu lissafi su zo, bari ni tsoho in tambaye ka. Yaushe rabonka da gida? Mahaifiyarka tana nan da rai? In tana nan, ta taɓa ɗora ƙaramin nan naka a cinyarta? Mu da muka zo nan tun muna samari, in mutum ya sami ijaza, wato hutun aiki, da kuɗi a hannu, Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yake fuskanta. Kuɗin da za ka kai wa mutanen da ba su san ka ba don ka kalli ruwa, ga ruwa nan a Jidda kyauta.

Baban Sadiƙ (Jidda): Allah ya ƙara girma Baba. Hajiya tana nan lafiya, bara muka je gida gaba ɗaya, kuma abin da nake tura mata duk wata ba ya cikin wannan kuɗin, ba zan taɓa shi ba. Amma na ji maganarka.

Maman Ilham (Riyad): Baba a gafarce ni in sa baki. Zuwa gida zumunci ne, lada ne, amma duk macen da ke cikin wannan zaure ta san ba hutu ba ne. Ki sauka da akwatuna cike da tsaraba, ki yi wata guda kina zagayen gaisuwa da ta'aziyya da barka, kina dafa wa baƙi, ki dawo kin fi yadda kika tafi gajiya, maigida kuma ya dawo aljihu wayam. Matar da ke zaune a ɗaki biyu da falo shekara guda cur, ba dangi kusa, ba tsakar gida, yara suna tsalle kan kujera saboda zafi ya hana su fita, in mijinta ya ce zai kai ta ta sha iska, wallahi a ƙarfafa masa gwiwa.

To Baban Sadiƙ, ni na je, kuma Maafushin nan muka sauka. Lissafinka bai cika ba. Dala 60 ɗin da ka gani ba shi za ka biya ba. Ana ɗora kuɗin hidima kashi 10, sannan a ɗora harajin yawon buɗe ido a kan jimlar, wanda ya koma kashi 17 daga Yulin 2025. Ɗakin 60 ya zama 77 da ɗoriya ke nan. Kwana biyar kusan dala 386, a canjin 3.75 ya kama riyal 1,450. Bayan wannan akwai harajin muhalli, wanda ba a kan ɗaki ake biya ba, a kan kowane mutum ne, kowane dare. An ninka shi a farkon 2025: dala 6 a ƙananan masaukai, dala 12 a manyan otal. Yaro sai in bai kai shekara biyu ba ake ɗauke masa. Shekarun naka nawa?

Baban Sadiƙ (Jidda): Bakwai da huɗu.

Maman Ilham (Riyad): To duk za su biya. Dala 6 sau huɗu sau biyar, 120, wato riyal 450. Kuma ka koma ka karanta da kyau ko ɗakin nan na mutum biyu ne. Sau da yawa farashin da ke fitowa a gaba na mutum biyu ne, in ka sa yara sai ya tashi, ko su ce sai ka ƙara kuɗin gado.

Sai abin da mutane suka fi mantawa, wato kwale-kwale. Filin jirginsu a kan tsibirinsa yake, kusa da Male babban birnin. Daga nan kowa sai ya sake hawa ruwa zuwa inda zai kwana. Kwale-kwale mai gudu zuwa Maafushi wajen dala 25 ne kowane mutum, tafiya ɗaya. Ku huɗu zuwa da dawowa dala 200, riyal 750, sai in sun yi wa yara ragi. Akwai jirgin ruwan gwamnati na 'yan gari, kuɗinsa kaɗan ne, sai dai yana cin kamar awa ɗaya da rabi, yana da lokacinsa, kuma ba ya tashi ranar Juma'a. In saukarka ta dace da shi ka tsira da kuɗi mai kauri. In ba ta dace ba, dole mai gudun.

Abu Raihana (Dammam): Ku ƙara da abin da za a kashe tun ba a bar Jidda ba. Huruj da auda, wato bizar fita da dawowa, riyal 200 ne kowane mutum, na fita ɗaya har wata biyu. Taka kai a dokar ƙwadago kamfani ne zai biya, ka nemi haƙƙinka. Amma ta uwargida da yara kai za ka fitar a Absher, manhajar gwamnati, 600 ke nan. Kuma ba za ta fita ba sai kuɗin murafiƙin, wato na zaman iyali, 400 ɗin nan na kowane mutum duk wata, ya zama a biye har ya rufe kwanakin tafiyar. In akwai tarar Sahir, ta laifin tuƙi, a kanka ita ma sai ka share ta. Ka duba ranar ƙarewar iƙamar kowa, wato takardar izinin zama, ka duba fasfo, gara ya zama da sauran wata shida.

Bari in haɗa maka:
tikiti 7,000
huruj da auda 600
ɗaki 1,450
harajin muhalli 450
kwale-kwale 750
Ya kama 10,250. Saura 1,750. A ciki za ku ci abincin rana da na dare mutum huɗu kwana biyar, a ciki za ku sayi ruwan sha, layin waya, motar zuwa filin jirgi, a ciki yara za su ga ana fita da mutane kallon kifaye da kunkuru su ce su ma sai sun je. Ba a yi maganar tsaraba ba. Ba a yi maganar in yaro ya kwana da zazzaɓi ba. Zuwa za ka iya, amma za ka yi kwana biyar ɗin kana ƙirga sauran canji, kuma wannan ba shi ka je nema ba.

Baban Sadiƙ (Jidda): Innalillahi. Ni na ɗauka 3,000 za su rage mini.

Ummi (Jidda): Yaya, me zai hana Zanzibar? Afirka ce, Musulmi ne mafi yawa, na ga ƙawata ta je tana ta sa hotuna, ta ce abinci da arha.

Abu Raihana (Dammam): Ƙanwata wane fasfo ƙawar taki take riƙe da shi? Nan gizo ke saƙar. Mai fasfon Najeriya ko na Nijar ba ya sauka Tanzaniya a buga masa biza a filin jirgi. Muna cikin ƙasashen da sai an nema tun daga nesa, a tura takardun hukumar shige da fice ta duba, kuma amsa tana iya ɗaukar makonni. Wanda ya sayi tikiti kafin amsa ta zo ya sa kuɗinsa a hatsari. Ga kuɗin biza, ga inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta sa tun Oktoban 2024, dala 44 ga babba, ko da kana da wata inshorar. Indonesiya ma da ake ta yabon Bali da Lombok, ɗan Najeriya yana cikin jerin waɗanda ake tsananta wa bincike kafin biza. Abin da ya sa mutanenmu ke karkata Maldibi shi ne suna buga bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi ga kusan kowa, in dai ka nuna tikitin komawa da shaidar ka kama masauki, ka kuma cike fom ɗinsu na intanet kafin ka tashi.

Ummi (Jidda): Ita 'yar ƙasa ce, a nan aka haifi kakanta. Shi ya sa ke nan. Na gode Yaya.

Baba na Jarwal (Makka): Kun gani ko. Wannan haraji, wancan haraji. Ni har yanzu ban ga abin da ya raba wannan da almubazzaranci ba. Ga malamai nan cikinmu, su yi magana.

Ɗalibi (Madina): Baba ni ɗalibi ne, amma zan faɗi abin da na karanta. Tafiya don hutawa da ganin ikon Allah halal ce a asalinta, matuƙar ba saɓo aka je yi ba. Ya tabbata a hadisi cewa jikin mutum yana da haƙƙi a kansa, iyalinsa ma suna da haƙƙi. Kuma a ƙarshen Suratul Furƙan an yabi bayin Allah da cewa in sun ciyar ba sa wuce iyaka, ba sa ƙuntatawa, suna tsakatsaki. Ba yawan kuɗi ake dubawa ba, hali ake dubawa. Mai samun 30,000 a wata ya kashe 12,000 bai yi komai ba. Wanda 12,000 ɗin su ne duk abin da ya mallaka a duniya, ga hayar gida tana tafe, to shi ne za a ce ya dakata. Abin da nake jin tsoro a wannan zamani shi ne kamfanonin nan na saya yanzu biya daga baya, da katin bashi na banki. Mutum ya yi hutun mako guda ya yi wata shida yana biya, wani lokaci in ya makara a ɗora masa ƙari. Wannan kam ban ga uzuri a ciki ba.

Baban Sadiƙ, in ka kwashi adashen nan, zubi nawa ya rage maka?

Baban Sadiƙ (Jidda): Saura huɗu Malam. Dubu ɗaya duk wata.

Ɗalibi (Madina): To ka ga 4,000 a cikin abin da ke hannunka na mutane ne, amana ce ka karɓa da wuri. Ba haramun ba ne ka kashe, haka adashe yake. Amma ka sa a ranka cewa wata huɗu bayan dawowarka albashinka zai zo da giɓi.

Maman Ilham (Riyad): Wannan gaskiya ne Malam. Sai dai ina so in gyara wa Baba wani abu, don kada a ɗauka wurin shashanci ne. Maldibi ƙasar Musulmi ce gaba ɗaya. Hotunan da ake gani na ɗakuna a kan ruwa, waɗannan tsibirai ne da otal ɗaya ya kama duka, can ake sayar da giya, can ake kai mutum da jirgin sama mai sauka kan ruwa a caje shi ɗaruruwan daloli. Ba su muke magana ba. Tun wajen 2009 gwamnati ta ba 'yan gari izinin buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da suke zaune, shi ya sa irinmu muke iya zuwa. A waɗannan ba giya, ana kiran salla ka ji daga ɗakinka, abinci duk halal. Da safe su kawo maka kifin tuna da aka marmasa da kwakwa da albasa da barkono, da wata gurasa marar kauri, yarana har yau suna maganarsa. Abu ɗaya mai iyali zai kula: a Maafushi an keɓe wa Turawa wani yanki na bakin ruwa inda suke wanka da shigarsu, an kange shi. Ka tambaya tun kafin ka biya, ka zaɓi masaukin da ba a gefen ba.

Na shiga ruwa da kayana a rufe, ba wanda ya kalle ni sau biyu, don matansu ma haka suke shiga.

Malam Mai Tarihi (Makka): Tun da an tabo, Baba ai mutanen nan ba baƙinmu ba ne kamar yadda kake zato. Kuɗin wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi kafin zuwan sulalla, da yawa daga cikinsa daga tekun Maldibi aka kwaso shi, ya bi ta hannun fatake da jiragen Turawa har ya iso ƙasar Hausa. Sarkinsu ya musulunta a 1153. Ibn Baɗuɗa ya zauna can ya yi musu alƙalanci kafin tafiyarsa ta Mali. A Male akwai tsohon masallacin Juma'a da aka gina da dutsen murjani tun ƙarni na 17, yana nan tsaye. Wanda Allah ya ba iko ya je, ya kai yaransa su gani.

Baba na Jarwal (Makka): To wannan ban sani ba. Allah ya ƙara ilimi. Amma maganar kuɗi tana nan.

Ɗan Damagaram (Jizan): Tana nan Baba, kuma ni tun ɗazu nake karantawa ina mamaki. Kuna ta ƙetare teku, ga tsibiri a cikin ƙasar da kuke zaune. Ba wanda ya ambaci Farasan.

Baban Sadiƙ ka saurara. Daga tashar ruwan Jizan zuwa Farasan kamar kilomita 50 ne, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Babban jirgin ruwan da ke kai mutane kyauta ne, gwamnati ce ta ɗauke. Har motarka za ka shiga da ita ba ka biya ko halala ba. Sau biyu yake tashi a rana, safe da yamma. Ba biza, ba huruj da auda, ba canjin dala, iƙamarka kawai. Daga Jidda zuwa nan wajen kilomita 700 ne ta hanyar gaɓa, ka bi ta Lis da Ƙunfuda, in kana da mota kuɗin mai ne kawai, in ba ka da ita ga bas ga jirgin sama.

Ruwan kuma ba irin na Kurnish ba ne. Fari tas, kana ganin ƙafarka a ƙasa, rairayi fari, wani bakin ruwan ku kaɗai ne a ciki. Akwai dajin ƙandal, itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, ana shiga tsakaninsu da ƙaramin kwale-kwale, wannan kam za ka biya mai jirgi, ku yi ciniki, in kun haɗu da wani iyali ku raba. Akwai barewa a dajin tsibirin. Akwai tsohon ƙauyen Ƙassar na duwatsu, da tsohon sansanin sojan Turkawa, da gidan Rifa'i, wani attajirin lu'ulu'u na da, wanda aka yi wa zane a bango tun daga ƙofa. UNESCO ta sa tsibiran cikin wuraren da take karewa a 2021. Wajen watan Afrilu kuma ana bikin kifin harid, lokacin da yake tururuwa zuwa gaɓa mutane su shiga su kama da hannu da raga.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Masaukai kaɗan ne, ba su kai na Maldibi kyau ba, wuraren cin abinci ma haka, da dare gari ya yi tsit. Kuma kada ka kuskura ka zo da rani. Zafin Jizan da gumi a Yuli da Agusta, yara ba za su fita daga ɗaki ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa.

Maman Ilham (Riyad): Kun ga abin da ya bambanta su ke nan. Lokacin dogon hutun makaranta a nan, Yuni zuwa Agusta, shi ne daminar Maldibi. Farashi yana sauka sosai, amma kana iya samun kwana biyu a jere ana ruwa da iska, teku ta yi haushi, kwale-kwale ya yi ta jijjiga yara suna amai. Disamba zuwa Afrilu ne sararinsu, kuma a lokacin komai ya yi tsada. Dala 60 ɗin da ka gani na wane wata ne?

Baban Sadiƙ (Jidda): Na Yuli ne.

Maman Ilham (Riyad): Na yi zato.

Abu Raihana (Dammam): Ni ban yarda a ce Farasan ta maye gurbin Maldibi ba. Wanda ya yi shekaru yana aiki a ƙasar nan, wani lokaci abin da ransa ke so shi ne ya fita daga cikinta baki ɗaya, ya kwana inda ba wanda zai tambaye shi iƙama. Wannan ma wani abu ne, kada mu raina shi. Abin da nake cewa kawai kuɗin bai kai ba tukuna. Da ni ne, ba zan tashi da iyali huɗu ba sai ina da 15,000 na tafiya, da wasu 2,000 daban a kati waɗanda ba za a taɓa ba sai dole. Kuma in kwasar adashe ce, in karɓi ta ƙarshe, in tafi ba bashin kowa a kaina.

Wani abu kuma, ku yi hattara da ofisoshin tafiye-tafiyen da ke tallar "komai a ciki" a WhatsApp. Wani abokin aikina ya biya irin wannan, sai da ya sauka ya gane ba kwale-kwale a ciki, ba haraji, abincin ma na safe ne kawai. Ka sa su rubuta maka abu ɗaya bayan ɗaya. In na'urar biyan kuɗi a can ta tambaye ka ko a cire da riyal ko da dala, zaɓi dala, canjin da na'urar ke yi ya fi na bankinka tsada. Ka riƙe 'yan daloli a hannu ma, sababbi marasa yagewa.

Hajiya Babba (Makka): Ɗana duk kun yi magana, ba wanda ya ce a tambayi matar. Ita me take so? Wataƙila da za ka ajiye mata kuɗin a gabanta ta zaɓa, abin da za ta ce daban ne. Kuma tsaraba da kuke ta tsallakewa, ku maza ba ku san nauyinta ba. Maƙwabta sun san kun tafi, 'yan uwa a gida sun gani a waya. Ku yanke mata adadi tun kafin ku tashi, ku gaya wa juna, in ba haka ba ita za ta cinye kuɗin abincinku.

Baban Sadiƙ (Jidda): Hajiya na bi maganarki, yanzu na karanta mata duk abin da aka rubuta. Ta ce ita burinta ta ga yaran cikin ruwa suna wasa ba tare da ana ce musu ku taso ba, kuma ba ta son tafiyar da za mu dawo muna neman rancen kuɗin haya. Amma ta ce Maldibin ma kada in cire ta daga rai.

Ga abin da muka tsayar. In na kwasa zan ware 4,000 na sauran zubi in ajiye su gefe. Hutun tsakiyar shekara na makaranta, lokacin sanyi, mu tafi Farasan da motata, na sa wa tafiyar 3,000 har da tsaraba. Sauran 5,000 su zauna a asusu daban, in sake shiga adashe in nemi kwasar ƙarshe. Baba, cikin na Farasan ɗin ma zan ƙara wa mahaifiyata wani abu a kan na wata.

Baba na Jarwal (Makka): Allah ya yi albarka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ni dai har gobe gida na fi so, amma ban ga laifi a wannan ba.

Ummi (Jidda): Yaya in akwai wuri a motar ni da Mama muna so, za mu biya namu mai da ɗaki.

Ɗan Damagaram (Jizan): In za ku shiga da mota ku kama wuri a jirgin tun da wuri, na mota ne ke fara cikewa, musamman Alhamis da lokacin hutu, har da na dawowa ku kama gaba ɗaya. Sunan kowa da lambar iƙamarsa ake sawa, da takardun motar, saboda haka Ummi ku yanke shawara kafin ya yi rajista. Ku iso tashar da awa guda a hannu saboda bincike. Ku taho da tabarma da kula da ɗan murhun gas, kifi a can da arha, ku gasa da kanku. Ku sayo wa yara takalmin roba na shiga ruwa daga Jidda, duwatsun murjani suna yanka ƙafa. In kun tsayar da rana ka yi mini magana ta gefe, zan duba muku masauki kafin ku taso.